Ɗan Gari

A Trollhättan, bakin kogin Göta,
ƙarfe uku rana ke faɗuwa a watan Disamba.
Ni aikina karya abubuwa.
Albashi ake biyana in ja ƙarfe har ya ce wayyo,
in rubuta lambar da ya faɗa.

Torvald, wanda ya koya mini riƙon awartaki,
shekara arba'in ya yi a gaban maƙera.
Ya ce: Ingegerd, ƙarfen da bai sha guduma ba
bai san duniya ba.
Wannan naku gari ne fa.
Ku shimfiɗa, haske ya lasa, ku sake shimfiɗawa,
sau dubu uku, kowace shimfiɗa ba ta kai kaurin gashi ba,
sannan ku ce jirgin sama ya tashi da shi?

Ban tanka ba. Na ɗaura sanda a bakin inji.

Titaniyam ne, da alminiyum kashi shida,
banadiyum huɗu.
Ya fito daga ɗakin lesa cikinsa duk allurai,
don an huce shi da gaggawa, ya ƙame da fushinsa.
Ƙarfi kam, ya fi wanda Torvald ya ƙera,
amma bai iya miƙa ba.
Ba ya rusunawa, ba ya gargaɗi,
sai dai ka ji ƙas.

Wanda aka gina a tsaye halinsa daban,
wanda aka gina a kwance daban,
alhali buhu ɗaya suka fito, rana ɗaya.
Ƙwayoyinsu sun bi zafi sun miƙe sama
kamar itatuwan dajin bayan masana'anta,
kuma kowa ya san ta inda ice yake tsagewa.

Sai sanda ta goma sha bakwai.
Ita ba jan karya aka yi mata ba,
ja ne da saki, ja da saki,
sau talatin a daƙiƙa, dare da rana.
Ƙarfe ma yana gajiya, bai dai faɗa.
'Yar'uwarta ta kai miliyan goma, ko gezau.
Ita, dubu ɗari huɗu da 'yan kai,
ƙarfe biyun dare, kofina bai ko huce ba,
ta rabu biyu.

Na sa karayar a ƙarƙashin madubi.
Ga wani da'ira kamar idon kifi,
a tsakiyarsa ɗan kogo,
a cikin kogon ƙwayar gari guda
da haske ya tsallake, ba ta narke ba.
Tun ranar gini take zaune a nan, shiru,
tana jiran a ja.
Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin:
ashe da ɗan gari akan ci gari.

Sauran muka kai tanderu.
Zafi ɗari tara da ashirin, iska na matse su ta ko'ina,
awa biyu.
Kogunan suka rufe baki,
alluran suka kwanta suka zama saƙar kwando.
Ƙarfinsu ya ɗan ragu.
Amma sun koyi miƙa kafin su karye,
wanda ni har yau ban gama koya ba.

Bara Torvald ya zame a kan ƙanƙara
a ƙofar shagon burodi.
Likita ya nuna mana hoton ƙugunsa:
ɗan ƙoƙon titaniyam, daga gari,
bayansa duk huda kamar soso.
Hudojin da nake farauta da dare,
nan da gangan aka yi su,
don ƙashi ya sami wurin shiga ya riƙe.

Jiya na hango shi a kan gada,
babu sanda, hularsa a karkace.
Kowane taku ja ne da saki,
miliyan guda a shekara, in ya ci gaba da zuwa sayen burodi.
Ya ɗago hannu ya ce: har yanzu ban yarda ba!
Na ɗaga masa nawa.
A zuci kuwa ina ƙirgawa.