Albasa da Manzannin Jini

A motar Galmi ta zo, tsakanin buhuna,
ta diro a Katako da warin gona a gashinta,
shi ya sa Mantau mai gadi ya raɗa mata Albasa.
A takardata kuwa, lamba bakwai ce.

Dare huɗu tana kuka a kan rufin kwano,
kukan jaririn da aka manta a ɗaki,
tana birgima, ƙugu sama, wutsiya gefe.
Maƙwabta a Gamkalle suka ce aljani ne.
Mantau ya ce, "Tsahara, aljanin nan miji yake nema."

Ya yi gaskiya, sai dai akwai saura.
Ƙwan kyanwa ba ya faɗowa don wata ya kama.
Yana nan a jakarsa, nunanne, yana jira
sai muzuru ya zo ya kama ƙeya,
sai zafin rabuwarsu ya kai ƙara ƙwaƙwalwa,
sannan ta aiko da izini.

Daga nan nawa aikin ya fara.
Ɗigon jini daga ƙafar gaba.
Ta biya ni da farce, layi uku a wuyan hannu.
Faranti mai rami casa'in da shida:
in ɗiga, in wanke, in ɗiga, in jira.
Wuta ta ɗauke, na tsaya ina wa firji addu'a.
Ta dawo. Ramuka suka yi shuɗi,
suka koma ruwan ɗorawa.

Abin da nake nema ba ya da ƙafa, amma aike ne aikinsa.
Sitokin muke ce musu, ƙananan manzanni
da fararen ƙwayoyin jini ke kiran juna da su
in ƙaya ta shiga, in miki ya yi ruwa.
Wurin zazzaɓi na saba ganinsu.
Me ya kawo makaɗan yaƙi gidan biki?

Ashe fitar ƙwai ma rauni ce.
Bango kan kumbura, ya yi laushi, ya tsage.
Su ke cewa a fasa nan,
kafin gari ya waye wasunsu sun ce
ya isa, a kawo yaɓe.

Sai baƙi suka sauka a mahaifa,
rabin jininsu na wani yagaggen kunne ne
da ke kwana bayan gidan mai.
Jikin da ba ya barin ko tsinke ya kwana cikinsa
ya shimfiɗa musu tabarma.
Na yi wa Mantau bayani a bakin ƙofa.
Ya juye shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce,
"Ni ma akwai motar da ba na tambaya takarda.
Amma idona na kanta har ta fita."

Ban rubuta wannan a rahoto ba.
Ban kuma rubuta cewa jinin ƙafa nesa yake da mahaifa,
cewa jita-jita nake tsinta,
kamar mai tsaye a Harobanda
yana sauraron gardamar da ake yi a wancan ƙetaren kogi.

Kwana sittin da huɗu.
Na yi tanadin allura don ranar
da manzanni za su sake ɗaga murya
su ce wa baƙi zama ya ƙare.
Ba ta jira ni ba.
Asubar Lahadi, cikin kwalin safar hannu,
uku ta haifa, biyu na motsi.

Na miƙa hannu, ta buɗe baki ta huro mini kashedi.
Na mai da allura aljihu.
Mantau ya naɗe na ukun a tsumma
ya binne shi gindin darbejiya da bakin adda.

Layin wannan rana a takardata babu komai.
Malamina zai tambaya.
Ita tana kwance, tana lasar na biyun daga ido zuwa wutsiya,
har yanzu da ɗan warin albasa a kwalin.