Fiyanon Ɗaki na Sha Huɗu

Ni ne mai ɗaure wayoyin fiyano a jami'ar kiɗa ta Tibilisi,
shekara talatin da ɗaya, da sifana a jaka, da kunne ɗaya mai kyau.
Na san Tsisana Kiknadze ta inda jarida ba ta san ta ba,
ta haƙorin fiyanon da ya fi shan wuya a hannunta.

A Kutaisi aka haife ta, gidan da ko rediyo sai an mare shi.
Ubanta direban jirgin ƙasa ne,
ya cire ƙyauren kabad, ya zana masa haƙora fari da baƙi.
Shekara biyu tana kaɗa katako kurma,
kiɗan yana cikin kanta,
uwar tana cewa: rage ƙara, maƙwabta na barci.

Tana 'yar tara tsohuwa Eteri ta karɓe ta,
ta ɗora mata kwabo a bayan hannu.
In ya faɗi, a koma farko.
Ya faɗi, ya faɗi, har ya san hanyar ƙarƙashin kujera.

Da ta cika sha takwas uban ne ya ja jirgin da ya kawo ta birni,
ya yi usur sau uku a tasha, aka ci shi tara.

Ta je gasa a ƙasar waje, ta zo ta huɗu.
Ta huɗu ba a ɗaukar ta hoto.
Ta dawo da takarda a bututun kwali da tarin da ya kai ta bazara.

Sai shekarun da wuta ta ɗauke a birnin nan.
Na gan ta ta datse kan safar hannu da almakashi,
kyandir biyu, dusar ƙanƙara a taga,
mutum goma sha ɗaya a zauren ɗari biyar,
ta kaɗa musu kamar an cika har baranda.
Ni ne na goma sha ɗaya.

Daga baya yatsan hagu na huɗu ya yi mata tawaye,
ya lanƙwashe, ya ƙi jin magana.
Ba ta yi kuka a gabana ba.
Ta hau bene, ɗaki na sha huɗu,
ta soma ba da hannunta aro ga 'ya'yan wasu.

"Kada ka doke shi," take cewa, "tambayarsa za ka yi."

Jiya wani yaro, Amiran, ya zo daga ƙauyen duwatsu,
yatsunsa na rawa kamar ganye.
Ta zaro tsohon kwabon Eteri daga jaka.
Na ce a raina: an koma gidan jiya.
Ta juya shi, ta juya, ta mayar,
ta ƙirgo masa kuɗin burodi mai cuku:
"Je ka ci tukuna. Fiyano ba ya gudu."

Ni kuwa na ci gaba da ɗaure wayata.