Rasit Goma Sha Biyu

Shekara talatin da biyar ina gyaran famfon garin nan,
Daga Kwarbai har Tudun Wada, ni da keke da sifana,
Na san bututun da ke ɗiga a kowane lungu,
Amma ban haƙa wa kaina ko tushen gini ba.
Ranar da na miƙa makullin kwatas na kama haya.

Ciki da falo a Muciya, kusa da titi,
In tirela ta wuce, kwanukan Delu su yi ta rawa.
Rufin yana da baki uku, damina ta san su,
Kowane baki mun ba shi robarsa,
Ɗis, ɗis, muna ƙirgawa har safiya.

Mai gidan, Malam Barau, ba azzalumi ba ne.
Alli ya ci masa huhu a firamare,
Da garatutinsa ya ɗora ɗakunan nan huɗu,
Abin da na ba shi, da shi yake sayen allurar sukari.
In wata ya mutu sai ya tsaya a zaure yana gyaran murya,
Ya tambayi gwiwata, ya tambayi jikokina,
Ya juya bai faɗi abin da ya kawo shi ba, don kunya.

Sai ga zance a rediyo bayan isha'i,
Wai za a ɗauke wa 'yan fansho wani abu daga kuɗin ɗaki.
Delu ta bar tankaɗe, ta ce, "Ƙara murya!"
Batir ya ce ga garinku nan.
Ragowar a bakin masallaci muka tsinta:
Wani ya ce rabi, wani ya ce duka, wani ya yi dariya.

Barau ya riga zakara tashi.
Shi ya biya mana Keke Napep,
Shi ya rubuta rasit goma sha biyu da hannunsa na allo,
Har da wata ukun da ban kawo ko sisi ba.
Na ce, "Malam, wannan fa?"
Ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
Na yafe a takarda, ban yafe a zuci ba. Mu kama hanya."

A layi na ga Sambo direban asibiti, ya rame,
Na ga Laraba mai tafireta da sandarta.
Yarinyar taga ta ce hoto biyu, lambar banki, sai yatsa.
Na ɗora, na'ura ta yi shiru.
"Baba, shafa a goshi." Na shafa.
"Baba, ba ta gan ka ba."
Tsatsa da ƙarfe sun cinye zanen tun tuni.
Hannun da ya shayar da rabin birni,
Yau shi ake nema a rasa a Zariya.

A karo na bakwai ta yi ƙyas, ta yarda ina raye.
Aka ce mu je, za a kira mu a waya.

Yau wata biyar.
Wayar tana kan taga, inda sabis ke leƙowa.
Barau ya daina gyaran murya,
Sallama kawai yake yi, ya ce, "Ta yi kuka?"
Mu raba goro ɗaya a tabarma guda.
Ya sa jikansa ya liƙe baki ɗaya da kwalta,
Saura biyu, ya ce sai kuɗin sun iso lafiya.

Ta yi kuka jiya.
Muka miƙe mu biyu, gwiwa na ƙara,
Ashe kamfanin waya ne ke tallan waƙa.
Barau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
Na miƙa masa ruwan da na saya wurin ɗan garuwa,
Ni da na yi wa famfo bauta,
Ya sha rabi, ya bar mini rabi,
Muka mayar da ita kan taga, wurin ajiya.