Alwatika da Da'ira

A ajin farko a Khartum
Ustaza Ikhlas ta ɗaga alli ta ce,
"Al'ada ruwa ce, kifi bai san yana ciki ba.
Ku je ku zauna da mutane, ku ci abin da suka ci,
ku tuɓe ma'aunin gidanku a ƙofa kamar takalmi."
Ta zana alwatika, namiji ke nan.
Da'ira, mace.
Layi biyu aure, layi ya gangaro haihuwa.
Na ce a raina, ashe duk ɗan Adam zai shige takarda ɗaya.

Na hau motar Sinnar da littafi sabo fil,
na sauka Maiurno a bakin kogi,
inda kakannina suka yada zango a hanyar Makka
har zangon ya yi saiwa.

Inna Tabawa na shafa kisra a kan tanda,
ba ta ko dube ni ba.
"Wa ya haifi Ɗantani?" na tambaya.
"Wanda ya haife shi,
ko wanda ya saɓo shi daga Adare ranar da jakin ya mutu?"
Na ce layi ɗaya gare ni.
Ta ce, "To layinka ya yi kaɗan.
Ni da Sittana Balarabiya nono ɗaya muka sha.
Nuna min inda nono yake a zanen nan."

Taubashina Bukari ya fizge alƙalamin,
wai sai na fanshe shi da tsinken agashe uku.
Da dare na rubuta: wasan dangi.
Ban rubuta cewa raina ya ɓaci da gaske ba,
ko cewa naman ya yi daɗi,
ko cewa rabin ƙasar nan na kiran sunansa
ba su san umarni suke bayarwa da harshenmu ba.

Rana ta tara na leƙa bayan danga.
Yara sun yi littafi da takardar siminti,
ɗaya ya maƙala tsinke a kunne, ya tsuke fuska:
"Me ya sa kake gaisuwa a tsaye?
Me ya sa kake ƙirga mutane kamar awaki?
A garinku haka ake yi?"
Sauran suka faɗi ƙasa don dariya.
Ashe tun ranar farko ni ma ana karanta ni.

Na koma da zanen duk gyare-gyare,
layuka sun harɗe kamar yaɗon kabewa.
Ustaza ta bi su da yatsa, ta tsaya a gefe
kan wata da'ira ruwan ƙasa wadda ba layin da ya taɓa ta.
"Wannan wace ce?"
Na ce, nan Inna ta ɗora min finjalin jabana
ranar da ta daina kirana baƙo.

Ta daɗe tana kallo.
Ta ce kar in goge.