Yatsa na Shida

Na taho daga Samaru da tef ɗin awo a jaka,
da fensir, da takarda mai gida-gida.
Malaminmu ya ce kowa ya zano tsohon gini
kafin bulo ya cinye birni.
Na ce ina da guda a Limancin Kona,
na kakana ne.

Baba Cindo na kan dakali,
shekara tara ke nan da idonsa ya yi fari.
Ya ji tef ya zuge ya koma raminsa,
ya ce, "Uwani, wa ya shigo mini da maciji?"

Na auna ƙofar zaure, mita ɗaya da rabi.
Na ce, Baba, ta yi gajarta.
Ya ce, "Da za ki shigo me kika yi?"
Na ce, na sunkuya.
"To kin gaida gidan
tun bakinki bai buɗe ba."

Ƙofar ciki ta fi ta tsawo,
kuma ba sa kallon juna, ta kauce hagu.
"Wannan ta Tabawa ce, da tulu a ka.
Nan na tsayar da ita tana dariya,
na ƙara taƙi ɗaya don gammo.
Kaucewar kuwa ta ido ce.
Ido baƙo ne marar ta-ido,
in ba ka karya masa hanya ba
sai ya kai har madafa."

Matakalar soro ba ta bi lissafina ba,
ta uku ta fi sauran kwanciya.
Nan ne, in ji shi, gwiwar uwarsa
takan nemi hutu.

A soron ya ce in buɗe hannuwana.
"Gaba ɗaya ke nan, iyakar azara.
Ita ma kamar mutum take,
ka ɗora mata abin da ya fi ta, ta yi doro.
Sai mu miƙa wata bisa wata,
kamar miƙon tubali daga ƙasa zuwa kan katanga,
har baka ya tarar da ɗan'uwansa a sama.
Dafa haƙarƙarinki. Ja numfashi.
Kin ji? Ɗaurin guga ke nan.
Ba mu muka fara shi ba."

Na rubuta lambobi, na goge, na sake.
Shi kuwa ya tsaya a tsakiya,
ya tafa sau ɗaya,
ya karkata kunne kamar mai jiran sallama.
Ya daɗe.

"Amsar ta yi saurin dawowa.
Rufin ya sauko.
Ta gabas ne, inda ruwa ke duka,
tun bara nake jin sa a ƙuguna."

Na haska fitilar waya.
Ga tsaga nan, siririya kamar gashi,
ta gabas.

Kawu ya riga ya yi cinikin bulo,
an ce da kaka za a rushe.
Ban faɗa masa ba.
Ina jin ya sani,
mai jin rufi da tafi
ba ya rasa jin shirun jikarsa.

Da zan fita na dafa bango.
Can ƙasa da shafen makuba,
inda ya laila laka tun yana saurayi,
sawun hannunsa na nan a bushe.
Na sa nawa a ciki.
Biyar suka sami masauki,
gurbi ɗaya ya rage,
da sanyi a cikinsa.

Na zana komai a takarda:
tsawo, faɗi, kaurin katanga.
Gurbin nan ne na rasa
a wane ma'auni zan sa shi.