Layin Dogo a Rufin Madafi

Shekara talatin da ɗoriya
ƙwai ɗaya ne a madafin Iya Tabawa,
yana reto a tsakiyar silin, ta bayanta.
In ta juya ga tukunya
inuwarta ce ke riga gishiri shiga miya.

A cikin inuwar take yanka kuɓewa,
a ciki take tsince tsakuwar wake.
Babban yatsanta na hagu ya riƙe lissafin:
tabo huɗu, na biyar bai gama ƙamewa ba.

Ran Asabar na zo da Sabi'u mai haɗa wuta
daga Tudun Wada, da tsanin aro,
da wata siririyar sandar ƙarfe
da na taya a Sabon Gari har yawuna ya ƙafe.
Ya kafa ta a sama, ta bi tsawon bango,
ya jera mata fitilu uku masu wuya,
kowace na tafiya in an tura,
kowace na waiwaye.

Iya ta ɗaga kai ta ce,
"Yau ga layin dogo a rufin ɗaki.
To ina tasha?"

Sabi'u ya ce, duk inda kika nuna.
Ta ce, nan, kan katakon yanka.
Ta ce, nan, bisa murhu,
in ga manja sa'ad da ya taso.
Ya tura, ya lanƙwasa, ya danna makunni.

Haske bai san kara ba.
Ya tona kunkunniyar da ke lungu,
da tsagar tangaran,
da ayarin tururuwa mai zuwa gwangwanin sukari.
Ya nuna mini bayan hannunta,
jijiyoyi kamar Kubanni da rani.
Ban san yaushe ya koma haka ba.

Saura ta uku.
Ta yi jim, ludayi a hannu,
sannan ta nuna bakin ƙofa,
inda Baba kan jingina da rediyonsa
yana tambaya ko an kusa.
Ba abin yanka a wurin, ba tukunya.
Sabi'u ya dube ni.
Na ce, juya ta.

Bayan magariba aka ɗauke wuta.
Na miƙe laluben tocila,
sai na ji wuƙa cikin duhu
tana ci gaba da sauka kan katako,
ƙwas, ƙwas, ba ta kuskure ba.

"Zauna, Lantana," in ji ta.
"Jirgin ne ya makara.
Zai iso."