Taki Bakwai

Ran da mai awon ƙasa ta sauka Bunza
ni na biya kuɗin mashin,
ni na sayo siminti rabin buhu,
don gaskiyata a ganina ta fi ƙarfin shakka.

Damina uku ba ma gaisawa da Arzika.
Tun ambaliyar da ta kwashe jerin gamba,
ta tuge marken da iyayenmu sunka sa shaida,
ta shafe fadama sumul kamar an wanke allo,
kowa ya ja kunyarsa inda zuciya ta nuna masa.
Ita ko zuciya, wa ya taɓa yi mata iyaka?

Rifkatu sunanta, mutuniyar Zuru,
da takalmin roba da malfa mai igiya.
Ba ta tambayi wa ya fi rantsuwa ba.
Ta kafa na'urarta mai ƙafa uku a gefen gulbi
kamar zalɓe yana dakon kifi,
yaronta riƙe da sanda mai lambobi
yana nutsewa har gwiwa cikin laka.

Ta warware taswirar da ta ɗauko daga Birnin Kebbi,
takarda ta yi ja, gara ta ci kusurwa ɗaya.
A ƙasa ga dangwalen yatsu biyu:
na babana Tunau, da na Kakale uban Arzika.
Na daɗe ina kallon babban yatsan nan.
Shi ya koya mini tsaga ƙasa in shuka.

Ta duba, ta rubuta, ta sake dubawa.
Hantsi ya wuce. Mai unguwa ya nemi inuwa.
Sai ta taka cikin shinkafata, tsakiyar kore,
ta soka tsinken ƙarfe ta ce,
"Nan za a haƙa."

Na yi dariya. Ni da kaina na karɓi shebur.
Kamu ɗaya, kamu biyu,
sai ƙarfe ya yi ƙara a kan wani abu.
Tsohon turken siminti, ruwa bai tafi da shi ba,
binne shi kawai ya yi ya tafi abinsa.
Na ƙirga daga nan zuwa kunyar da na ja:
taki bakwai.
Na sake ƙirgawa da gajeren taki, ya zama tara.
Yawu ya ƙafe mini a baka.

Taki bakwai, tsawon gona guda, damina uku.
A cikinsu akwai kwanon da ke kan ɗakina,
akwai ragon sunan Hantsi,
akwai tuwon da na ci na yi hamdala,
akwai ma abin da na fitar na kira shi zakka.

Na jira Arzika ya yi guɗa da bakin namiji.
Sai ya durƙusa,
ya sa yatsa yana kankare taɓo daga lambar.
"Ina nan aka dasa shi," in ji shi,
"babana ya riƙe, naka ya zuba ƙasa.
Bari ta nuna, ka yanke abinka.
Baɗi ni ka shuka."

Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa.

Da simintina aka ɗaga turken ya fito sarari,
aka dasa uku a sauran kusurwoyi.
Na sa hannu ƙasa da yatsan babana.
Bayan wata biyu takarda ta zo da hatimi,
gonata ta ragu, amma yau tana da suna,
tana da lamba, tana da siffa kamar tafin hannu,
tana ƙasan adaka.

Da kaka na kai buhu huɗu ƙofar Arzika bayan isha'i.
Da safe na tarar da biyu a zaurena.
Ba mu taɓa zancen ba.

Yanzu in na bi kunya da asuba
ina ganin turken, bilbilo na hutawa kansa.
Ido ya yarda, hannu ya sa hannu,
ƙafa ce har yau ba ta ji labari ba:
sai na tsawata mata kafin ta taka.